Itacen Jegon Kyauta

Kyauta ba ta taɓa jan guga ba sai da ta zo Badagishiri. A zangon Kumasi aka haife ta, inda mace kan kafa bokiti a bakin famfo ta tsaya tana gulma har ya cika. Shekarar da aka ce baƙi marasa takarda su tattara su bar Gana, watanta shida ke nan da auren Sallau, wani ɗan Nijar mai ɗaurin huhun goro a kasuwa. Shi ba takarda, ita kuwa matar mutum, inda ya sa ƙafa nan za ta sa. Uwarta mai koko ce a bakin masallacin zango, haifaffiyar can, ba wanda ya taɓa ta. Kyauta kaɗai Allah ya ba ta bayan dogon jira, shi ya sa ma aka raɗa mata sunan.

A tasha, kafin mota ta tashi, tsohuwar ta ajiye kunyar suruki gefe, ta kama hannun rigar Sallau ta roƙe shi abu guda. In ciki ya samu, a maido mata 'yarta ta yi haihuwar fari a gabanta, kamar yadda ake yi wa 'yar kowa. Sallau ya ɗauki alkawari, har da rantsuwar da ba wanda ya nema.

Zaman garin miji bai zo mata da sauƙi ba. Igiyar guga ta saɓule mata tafin hannu, taɓarya ta ƙarasa abin da ya rage. Fura da safe, fura da rana, ga wadda ta tashi da dokunu, tuwon masarar Gana, da soyayyen kifi. Matan unguwa suka sa mata 'Yar Kurmi, in ta buɗe baki su kwashe da dariyar Hausarta. Amma su ɗin ne dai suka koya mata komai. Mariama, maƙwabciyarta, ita ta nuna mata yadda ake tokare ƙafa da itacen bakin rijiya, da yadda ake bakace ba a zubar da rabin tsaba ba. Uwar mijinta, Inna Tsahara, ba muguwa ba ce, sai dai irin tsofaffin nan ne da kan yanke wa mutum abin da ya fi masa ba tare da sun tambaye shi ba. Cikin shekara guda Kyauta ta iya duk abin da macen garin ta iya. Kewar uwarta ce kawai ta ƙi raguwa, takan taso mata ko tana tsakiyar dariya.

Abin da ke riƙe da ita shi ne Labo, wani falken goro abokin Sallau, mai takardar shiga da fita. Duk bayan wata biyu yakan sauka da kaya, ya leƙo gidan. Ta ƙulla masa gabu da kuka da kanwa ya kai wa tsohuwa, shi kuma ya kawo gaisuwa: tana lafiya, ciwon ƙafar nan ne dai, ta ce ki bi mijinki. Zuwansa na farkon damina ya tarar da ita da ƙaramin ciki. Kunya ta hana ta faɗa kai tsaye, sai ta sunkuyar da kai ta ce ya gaya wa innarta ta fara neman babbar tukunya. Da ya dawo ya ce tsohuwa ta gane, har ta rangaɗa guɗa. Kyauta ta yi mako tana jin guɗar nan a kunnenta.

Da ciki ya shiga wata bakwai, ta wanke zannuwanta ta ɗaure ƙunshi ta ajiye a gindin gado. Sallau ya ce a bari a gama yankan gero. Aka gama, ya ce a bari a dasa albasa a fadama. Aka dasa, ya ce jandarma sun matsa a hanya. Mai jiran tafiya ba ya rasa uzurin da zai yi wa mai riƙe da shi, ita ma ta yi ta yi masa.

Sai wata safiya jakuna uku suka shigo gidan da itace, manyan gumagumai, aka jibge su a bayan ɗakinta. Washegari, ranar kasuwa, Inna Tsahara ta dawo da wata ƙatuwar tukunya a kai. Ba macen da za a yi wa bayanin wannan. Itacen wankan jego ne, na kwana arba'in, kuma inda aka jibge shi nan mai ciki za ta sauka.

Ta tarar da Sallau a rumfa yana tufkar igiya. Ta tambaye shi ko ya manta abin da ya faɗa a tasha. Bai ɗago ba, ya ce ta je wurin Inna. Tun zuwanta ba ta taɓa tsayawa gaban surukarta ta haɗa ido da ita ba, amma ranar ta tsaya.

"Zamna, ɗiyata," in ji Inna Tsahara.

Ta ƙi zama.

"To, sai haƙuri. Innarki ta riga mu gidan gaskiya tun ruwan shuka. Labo ya zo da labarin cikinki bai zamna ba. Munka ce in anka hwaɗa miki, asara biyu za a yi."

Kyauta ta dafa bango. Ta tambayi guɗar da aka ce innarta ta yi. Ashe ranar da ta sunkuyar da kai tana ba Labo saƙon tukunya, labarin mutuwar na cikin bakinsa, ya riga ya sauke shi a zaure. Gaisuwar da yake kawowa tun daga nan, shi da Sallau suke tsara ta kafin ya shigo. Gabu da kanwar kuwa ba su taɓa wuce ƙofar gari ba, tsofaffi ake raba wa.

Inna Tsahara ta ga abin ya yi nauyi, sai ta so ta rage, ta ƙara. Ta ce ai ba su yi wa mamaciyar rowa ba, an yi mata sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in.

"Gumbar arba'in ma ke kinka daka ta da hannunki, ke da Mariama."

Kyauta ta tuna ranar sarai. An ce mata sadakar kakan maigida ce. Ta yi dakan tana rera waƙar da uwarta ke yi in tana tace koko, mata na tafi suna ce mata ta ƙara.

Mutuwa ba ta ƙona ta kamar wannan ba, don kowa ya san uwa ba ta dawwama. Abin da ya ci ta shi ne an mai da ita ƙaramar yarinya a gidan da take yi wa daka, kuma mutumin da ta bar ƙasarta dominsa shi ya ja gaba. Sallau ya biyo ta ɗaki yana cewa don ita aka yi, don abin da ke cikinta aka yi.

"Malam, wata biyar kana kallona ina aika wa kabari gaisuwa," ta ce.

Ta cire 'yan kunnenta, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗaki, ta lulluɓe kai ta zauna. Inna Tsahara ta ce makoki ya wuce tuntuni, mutane za su yi magana. Kyauta ta ce su yi, ita yau uwarta ta mutu.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa, mata suka fara shigowa. Mariama ce ta farko, ta durƙusa ta ce Allah ya jiƙan Inna, ya ba da haƙuri, idonta na kan tabarma. Sauran suka biyo, matan rijiya, matan fadama, har mai furar bakin kasuwa. Ko'ina a duniya, a Kumasi ko a nan, mai zuwa gaisuwar mutuwa yakan ce ashe abin da ya faru ke nan, yaushe ne, ta yi jinya? Kyauta ta zauna tana amsa amin, tana duban bakin kowace, tana jiran mace guda da za ta yi mata wannan tambayar. Har aka kira la'asar, tabarma ta cika ta ragu ta sake cika, babu wadda ta tambaya.