Kaifin Hagu

Yayana Ja'afaru yana da wuƙa ɗari da wani abu, amma ban taɓa ganin ya fere lemo ko guda ɗaya ba. Kuku ne ke yanka masa, a kawo masa a faranti. Wuƙaƙen suna jere cikin kabad ɗin gilashi a ƙaramin falon gidansa na Nassarawa GRA, kowace a kan jan ƙyalle, da 'yar takarda a gefenta an rubuta garin da ta fito. Akwai ta Buzayen Agadas, akwai mai ƙotar tagulla daga Bida, akwai askar wanzamai har bakwai, ga kuma masu ninkewa da yake sayowa duk ƙasar da aiki ya kai shi. Yana cikin wani zaure a waya, shi da wasu manyan mutane masu irin ciwonsa. Kullum da safe sai kowa ya zazzage aljihunsa a kan tebur, makulli da agogo da carbi da wuƙar da ya ɗauko ranar, ya ɗauki hoto ya tura wa sauran. Mutum mai jikoki biyu ke nan fa.

Ni tawa guda ɗaya ce tak, kuma ita ce ta tsone masa ido.

Ta mahaifinmu ce, Malam Abdulbaƙi, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin ya yi yana koyar da Larabci, a gida kuma yana rubuta Alƙur'ani da hannu a ɗakin karatunsa na Tudun Wada. 'Yar wuƙa ce mai ninkewa, ƙirar maƙeran cikin birni, ƙotarta ƙahon bijimi ne, tsawonta bai wuce yatsa ba. Da ita yake fiƙe alƙalamansa na gamba. Yawan wasawa ya cinye ta har cikinta ya rame, in ka gan ta a ƙasa ba lallai ka sunkuya ka ɗauka ba.

Ni bahaguwa ce, kuma na sha wahalar hakan. Inna ta bugi hannun nan, malamin Islamiyya ya buga, har ɗaure min shi an taɓa yi da ɗankwali wai don ya manta hanya. Wata rana ina 'yar shekara takwas, ina zaune ina kuka a bakin rijiya, Baba ya kira ni ɗakin karatu ya mayar da ƙofa. Kowa a gidan ya san in zai fiƙe alƙalami rufe ƙofa yake yi, ana cewa akwai abin da yake karantawa. Ya ɗauki karan gamba da hannun dama, ya buɗe wuƙar da hagu.

"Duba da kyau, Sauda," ya ce.

Sau uku ya ja, bakin alƙalami ya fito. Da hagu. Na saki baki ina kallonsa.

"Rubutu da bulala aka koya min shi a dama," ya ce. "Ci kuwa da dama addini ya ce, wannan ba wasa a ciki. Amma wuƙa ba wanda ya tsaya a kaina."

Ya nuna min bakinta. Gefe ɗaya kawai yake wasawa, ɗayan a miƙe yake, kuma gefen da yake wasawa shi ne wanda ya dace da mai riƙewa da hagu. Ya ce in na dama ya ɗauka, zamewa za ta riƙa yi masa, ya ce ba ta da kaifi. Sannan ya ce kada in faɗa wa kowa, tsakaninmu ne. Na fito daga ɗakin nan ina jin ni ma mutum ce.

Shekara guda kafin rasuwarsa, da hannunsa ya fara rawa, ya danƙa min ita. Kyauta ce a gaban Inna, ba ta shiga gado ba. Daga ranar take cikin ƙaramin aljihun jakata, shekara goma sha ɗaya. Ni malamar makaranta ce. Da ita nake fiƙe fensir, da ita nake yanke zare, in buɗe kwalin alli, in fere lemo a ɗakin malamai. Duk gidan duniya wuƙa da almakashi na masu dama ne, wannan kaɗai ce aka yi don hannuna.

Yaya Ja'afaru ya fara da wasa. "Sauda, wuƙar nan ta gaji da jakar mata, ki bar ta ta huta." Daga baya ya ce in zaɓi uku a kabad ɗinsa, kowace na ga dama. Na ce masa ni ba mahauciya ba ce, me zan yi da uku. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Bara da damina ƙusar da ke riƙe bakin da ƙota ta yi sanyi, wuƙar ta fara girgiɗi. Wata Asabar na je gidansa gaishe su, na ciro ta zan yanke zaren da ya fito a mayafina, ya gani.

"Kai, wannan ai za ta rabu biyu a hannunki. Kawo. Akwai wani tsohon maƙeri da ke min aiki, ƙusa kawai zai sake."

Na daɗe ina juya ta a tafin hannuna. Shi ne ya kai ni makarantar kwana a motarsa ta farko, shi ne Baba ya wakilta ranar ɗaurin aurena. In ban yarda da shi ba da wa zan yarda?

"Amana fa, Yaya. Ƙusa kawai."

"Haba Sauda. Ni ma fa wuƙar ubana ce."

Sati biyu jakata ba nauyi. Ranar wata Juma'a da yamma ya kawo min ita da kansa har ƙofar gida, bai ma fito daga mota ba. Na duba. Ƙahon nan ne, da 'yar tsagar da ke gindinsa, da ramammen cikin, ƙusa sabuwa ta kama gam. Na yi ta godiya har da addu'a. Washegari da sassafe na tashi na yi masa dambun shinkafa da zogale, irin wanda yake so tun muna yara, na aika masa a babban kwano. Har yau in na tuna dambun nan sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan an tafi da kwanon na zauna na ɗauki lemo. Jan farko wuƙar ta zame a kan ɓawon. Na gyara riƙo na sake ja, ta sake zamewa ta sami babban yatsana na dama. Jini ya fito. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yanka ni ba.

Na fita tsakar gida inda haske yake, na ɗaga ta. Wasawar tana ɗaya gefen. Da farko na ce maƙerin ne ya yi min karambani, raina ya ɓaci, na fara shirya maganar da zan aika masa. Sai na juya ta. Gefen da Baba ya shekara arba'in yana ci da dutse, wanda ya kamata ya zama a kwance, ga shi a miƙe sumul, cike da ƙarfe. Maƙeri yana iya rage ƙarfe, amma wanda ya riga ya tafi ba mai dawo da shi. Wannan ba wuƙar Baba ba ce. An zauna ne an ƙera wata, an nemo ƙaho mai kala ɗaya, har tsaga an yi masa, an shafa mata tsufa. Sai dai da aka zo wasawa, hannun maƙerin ya yi abin da ya saba.

Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ya fi ci min rai shi ne sati biyun nan. Ba ɓacin rana ba ne, ba shaiɗan ne ya fizge shi na minti ɗaya ba. Yayana ya yi kwana goma sha huɗu yana shirya yadda zai raina min hankali, sannan ya zo ya karɓi addu'ata.

Bayan azahar na ɗaure yatsan na tafi GRA. Maigadi ya buɗe min. Matar Yaya, Hajiya Bilkisu, ta taso da fara'a tana cewa dambu ya yi daɗi, na amsa mata a tsaye na wuce ƙaramin falo. Yaya yana zaune yana latsa waya. Ban gaishe shi ba, kuma tunda nake ban taɓa yin haka ba. Kabad na nufa. Ba ma ɓoye wuƙar Baba ya yi ba, don ya san ba na kallon kayan nan in na zo. Tana tsakiya, a ninke, ita kaɗai a kan ƙyallenta, da takarda mai sunan Baba.

Na ciro wadda ke jakata na ajiye a kan teburin gabansa.

"Yaya, wannan ta wane ne?"

Ya kalli wuƙar, ya kalli yatsana. Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, na ce kada ya soma. Sai ya ajiye wayar.

"To, tunda kin gani. Sauda, kwali kike yankawa da ita. Kwali! Abin da ya fiƙe alƙalamin da aka rubuta Alƙur'ani tara da shi. Wata rana a adaidaita za ki manta jakar, shi ke nan ta tafi. Ni adana ta na yi."

"Da ka ce min haka."

"Sau nawa na ce? Kin ji?"

"Na ji, na ce a'a. A'a ɗin ce ba ka iya ji ba."

Ya tashi ya je bakin taga, ya juya min baya. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Ni ne babba. Ni na yi jinyarsa, ni na sa shi a kabari da hannuna. Littattafai ya ce a kai masallaci. Abu ɗaya da ke aljihunsa kullum, ya tsallake ni ya ba ki. Kin taɓa tambayar kanki yadda na ji?"

Gaskiya ban taɓa ba, kuma maganar ta taɓa ni. Na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi. Har na fara tunanin in ya ba ni haƙuri zan riƙa kawo masa ita ranar Juma'a ya ɗauki hotonsa.

"Buɗe ka ba ni," na ce.

Ya ciro makulli ya buɗe, ya miƙo min. Ƙotar na shiga hannuna na san ita ce. Na buɗe ta.

Tana ƙyalli kamar sabon cokali. An goge baƙin da shekaru suka bar mata. Bakin kuma an bi shi da inji gefe da gefe, an daidaita, hagu da dama duk ɗaya. Ɗan abin da ya rage na ƙarfen ya ƙara sirancewa.

"Me aka yi mata?"

"Gyara aka yi. Bakin a karkace yake, gefe guda kawai aka ci. Maƙerin ya ce duk wanda ke wasa ta bai iya ba. Na ce masa ai ƙanwata ce, ta same ta ta lalata."

"Ba ni ba ce. Ni bin sawun da na tarar nake yi. Baba ne."

"Baba ya fi ƙarfin wannan shirmen."

"Baba bahago ne, Yaya."

Haka maganar ta fito. Shekara arba'in ina riƙe da ita, ko mijina ban faɗa wa ba. Na gaya masa komai, ƙofar da ake rufewa, da karan gamba a dama, da ja uku. Ina magana ina jin kunyar Baba, amma na ci gaba, don ina so ya san abin da ya sa aka kankare.

Ya bari na gama. Fuskarsa ta haɗe.

"Ki ji tsoron Allah, Sauda. Mutumin da duk Tudun Wada ta ga rubutunsa da dama? Na girme ki da shekara tara, ban taɓa gani ba. Don ke an kasa gyara ki, shi ne za ki jawo shi yana kabari? Kada in ƙara jin wannan magana a bakinki. Kada 'ya'yana su ji."

"Wallahi na gani da idona."

"Nuna min shaida."

Na kalli abin da ke hannuna. Inna ta rasu, ita ma ban tabbata ta sani ba. Ɗakin karatun an mai da shi shago. Shaidar guda ɗaya ce a duniya, kuma makon jiya ya biya aka goge ta a kan inji.

Na ninke wuƙar na ajiye ta kusa da ɗayar. Su biyu a kan tebur, kusan ba ka bambancewa. Na ɗauki jakata.

"Ina za ki? Ɗauki mana," ya ce. "Ba ita kika zo nema ba? Na bar miki, ɗauki duk biyun ma."

"Wadda na ba ka amana ba ta cikin ɗakin nan, Yaya."

Hajiya Bilkisu ta biyo ni har mota da kwanona, an wanke shi tas, tana tambayar ko lafiya. Na ce lafiya lau. Na karɓa na ajiye a kujerar baya. Sai da maigadi ya rufe ƙofa a bayana, na sami inuwar wata bishiya a gefen titi na tsaya, sannan kukan ya zo.