Tauraron da Dikko Ya Kawo Filin Mesaimeer

Bakin Dikko ne ya jawo masa, ba kowa ba. Direba ne a wani kamfanin gas, yana tuƙa wani ɗan Japan, Mista Shimoyama. Ran nan ya hango hoto a jakar mutumin: shi ne yana saurayi, sanye da rigar ƙwallo. Shi ke nan fa! Kafin magariba duk ɗakinsu na 'yan ci-rani a unguwar Mansura ya ji cewa Dikko na tuƙa tauraron da Japan kaf ke ji da shi.

Haladu mai gadi, wanda ba a ƙetare shi da zance, ya ce tun gasar duniya ta 2002 yake bin 'yan Japan, sunan nan bai taɓa shiga kunnensa ba. In gaskiya ne, a kawo shi wasan ƙwallonsu na Juma'a a filin Mesaimeer. In ƙarya ce, Dikko ya sauka daga kyaftin ɗin ƙungiyarsu, don ba a bin maƙaryaci.

Mako guda Dikko ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya gayyaci maigidan, ya ko amsa da saurin da ya ba shi tsoro. Yana tuƙi yana leƙensa ta madubi, yana so ya roƙe shi ya ɗan ƙara wa labarin gishiri, bakin ya ƙi buɗuwa. Sau biyu yana wuce kwanar Madinat Khalifa.

Ran Juma'a Shimoyama ya sa aka kai shi tun kafin kowa ya zo. Ya tsaya bakin fili ya rusuna wa ƙasar Allah, sannan ya zaro leda ya shiga tsince duwatsu da gwangwanaye. A haka 'yan wasa suka same shi. Dariya har da riƙe ciki, wai ga tauraro na shara. Haladu ya matsa, ya tambaye shi da Turanci ƙwallo nawa ya ci.

"Shekara bakwai na yi a rukuni na biyu," in ji shi. "Wasa tara na buga, sauran a benci. Ban ci ko ɗaya ba."

Kunya ta rufe Dikko. Ya tuɓe kambun kyaftin ya miƙa wa Haladu. Shimoyama kuwa ya buga minti ashirin, ba laifi, kafin gwiwa ta ƙi.

A mota Dikko ya cika ya yi fam, haushi kamar ya fashe. Ƙarya ɗaya tak, me za ta rage shi da shi? Ya ɗaga ido don ya harare shi ta madubi, sai ya gan shi rungume da takalman ƙwallonsa masu ƙura, idanunsa sun yi ja.

"Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ce in zo in buga," in ji Shimoyama. "Juma'a mai zuwa ma akwai?"

Dikko ya mai da idonsa kan hanya.

"Akwai, yallaɓai. Ka taho da leda biyu."