Baƙin Salatif a Kan Mita

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Sau nawa ka hau bayan babur a Rano, idonka ya sauka kan mita, ka ga ɗan baƙin salatif manne a gefe, ka kau da kai kana kallon gonakin mutane? Ba ka taɓa tambayar abin da aka rufe ba. To, ga labarin wanda ya tambaya.

Mika'ilu ne ke tuƙa babur ɗin ƙungiyar ci gaban Tarai, wanda aka tanada don kai marasa lafiya asibiti a Rano. Babur ne na zamani, ba irin na 'yan acaɓa ba. Da ƙwan fitilarsa ya dushe, haskensa ya koma kamar na aci-balbal, kwamiti ya ce a kai wa Malam Shitu bakanike ya sa farin ƙwai na LED. Aka sa, haske ya fito tarwai. Amma nan take wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a kan mita, ta ƙi mutuwa.

"Wannan fa, Malam?" in ji Mika'ilu.

"Surutu ne kawai." Malam Shitu ya yanko salatif da haƙori, ya manna a kanta, ya danne da babban yatsa. "Na rufe mata baki. Duk mai irin wannan mitar haka nake masa."

Kwana tara bayan haka, an idar da magariba, Mika'ilu ya ɗauko Barira matar Muntari, mai tsohon ciki. Suna shan kwana fitila ta ɗauke ɗif, ga garken shanu na tsallaka hanya. Ya kauce, suka zube cikin kunyoyin dawa. Barira ta gurje gwiwa, Allah ya tsare cikin. Da ya sake tayar da mashin, fitila ta kama kamar ba ita ba, shi ya sa babu wanda ya yarda da shi.

"Gudu ne," in ji Alhaji Ramalan, shugaban kwamiti. "Ranar Juma'a bayan masallaci ka kawo makulli."

Ba makullin kaɗai ke cin ran Mika'ilu ba. In ya miƙa shi shiru, sunansa ya zama wanda ya kayar da mai ciki, kuma wanda zai gaje shi zai hau babur mai wannan fitilar da wata matar a baya. Shekara biyu ya yi yana koyon aikin lantarki a Kano kafin ya dawo gona. Ya san injin ba ya kunna gargaɗi don nishaɗi.

Ranar Alhamis da hantsi ya isa garejin Malam Shitu, tsohon ƙwan na aljihunsa. Ya ɓamɓare salatif ɗin a gabansa. 'Yar fitilar na nan tana ci.

"Kai ɗan boko, me kuma ya kawo ka?"

"Aron duhu na zo, Malam. Buɗe mini ɗakin da kake ajiye tayoyi."

Suka tura mashin ciki, suka tayar, suka ja ƙofa rabi saboda hayaƙi. Farin haske ya cika bango. Ba a jima ba ya fara ƙyafta ido, sai ɗif.

"Batir ne," in ji Malam Shitu.

Mika'ilu ya danna oda, ta yi ƙara lafiya lau. Ya girgiza kowace waya, babu mai lilo. Sai ya kashe mashin, ya ciro tsohon ƙwan, ya haɗa shi da wayoyi biyu kusa da sabon, ya sake tayarwa. Ƙwai biyu suka kama. 'Yar fitilar mita ta mutu. Suka tsaya har gumi ya jiƙa musu riga, haske bai motsa ba.

"Ka gani, Malam? Mashin ɗin nan yana auna wutar da ƙwai ke sha. Tsohon acici ne, farin nan kurɓa kawai yake yi. Sai mashin ya zaci ƙwai ya mutu, ya yi gargaɗi, in aka ƙyale shi ya yanke wutar."

"Ina ɗaure ƙusa tun kana cikin tsumma. Yau ƙarfe ne zai koya mini aiki?"

"Ai ya yi ƙoƙari. Bakinsa ka rufe. Zo gobe ka faɗa wa kwamiti."

Malam Shitu ya goge hannu a wando. "In faɗa, duk wanda na manna wa ya yo kaina? Tafi da iliminka."

Mika'ilu ya wuce wurin mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya samo ɗan ƙarfen da ake kira resista, mai shan wutar da tsohon ƙwai ke sha. Ya haɗa shi da wayoyin fitila, ya ɗaure shi jikin ƙarfen mashin, nesa da roba, don yana zafi.

Ranar Juma'a bai miƙa makulli ba. Mashin ɗin ya tura cikin zauren Alhaji Ramalan, inda 'yan kwamiti ke zaune kan tabarma.

"Mika'ilu, zaurena gareji ne?"

"Yau kaɗai, Alhaji. A yi mini haƙuri."

Ya cire resista, ya tayar. Gargaɗi ya kama, haske ya ƙyafta, ya ɗauke. Ya mayar, haske ya tsaya cak. Sau biyu ya yi, don kada wani ya ce idonsa ne.

Alhaji ya gyara hula. "To, ai abin da ya faru ƙaddara ce."

"Na yarda da ƙaddara, Alhaji. Amma ba ita ta yanko wannan da haƙori ba." Ya ajiye salatif ɗin kan tabarma.

Muntari ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Barira ta ce in faɗa, ba gudu yake ba. Duhu ne ya rufe su. Ta faɗa tun ranar, ni ne ban saurara ba."

Alhaji ya dubi salatif ɗin, sannan ya ce, "Riƙe makullinka. Fitar mini da hayaƙin nan."

Mika'ilu ya fita da mashin. Malam Shitu kuwa har yau yana Rano, salatif na rataye a ƙusa, kuma layinsa bai ragu ba, domin irinku ne ke cika shi.

Saboda haka tashi yanzu, je wurin babur ɗinka ko na wanda ke ɗaukar iyalinka. Sa farce ka ɓamɓare baƙin nan. In fitila na ci a ƙarƙashinsa, kada kowa ya hau sai an gano abin da take faɗa.