Wa Ya Ga Haƙorin Sila?

A gidan Kalebu da ke bakin tafkin Madarumfa akwai wata al'ada da suka gada tun kakanni, wadda ko shigarsu coci ba ta raba su da ita ba. Idan jariri ya fara haƙori, duk wanda ya fara gani shi zai ba da kaza. Ba ta saye ba, ba ta aro ba, sai wadda ya kiwata da hannunsa. A yanka ta, a yi wa mai shayarwa romo, a miƙa wa yaron ƙashin cinya ya gwada sabon makaminsa. Kafin a yi haka kuwa, haƙorin nan bai fito ba, ko da ya kai na dorina tsawo.

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, ciwon kaji ya ratsa garin bayan kaka, ya share akurkai. Febi, matar Kalebu, ta tsira da ƴan kajinta kaɗan. Shi kuwa Kalebu guda ɗaya tak ta rage masa.

Kalebu mutum ne mai son abin mamaki. A ɗakinsa akwai duma mai wuya biyu, da dutse mai huda a tsakiya, da ƙahon rago da ya murɗe ya koma inda ya fito. Amma duk cikin dukiyarsa babu kamar kazar nan. Fingi ce, tun tana ƴar tsako aka ba shi ita a kasuwar Gabi ya kiwata, gashinta duk ya juye sama kamar iska ta biyo ta ta baya ta ƙi sakinta. Ya sa mata suna Madam, don wai ya taɓa ganin irin gashin nan a kan hular matar kumandan, Baturen mulki, a Maraɗi. Madam ba ta taɓa yin ƙwai ba. Aikinta kwana cikin tokar murhun Febi, da cin tsabar Febi, da bin Kalebu duk inda ya sa ƙafa. Febi ta daɗe tana dubanta irin duban da mai miya ke yi wa kaza.

To, sai jikansu Sila ya fara zubar da yawu, yana gurgurar ludayi. Ubansa Markus yana Kano, yana aiki a wani kantin littattafai na mishan, ya tafi tun yaron bai iya zama ba. Uwarsa Abigail kuwa ɗan farinta ne, kunya ba ta barin ta ko kiran sunansa, sai dai ta ce "mutumin nan". Idan tana ba shi nono ya datsa mata, sai ta runtse ido ta dubi bango. Kowa ya gane abin da ke cikin bakin nan, kowa kuma ya shiga aikin rashin gani.

Febi takan yi masa wanka ta baya. In za ta ba shi kunu, idonta na kan rumbu, har wata rana ta ɗura masa a kunne. Maƙwabta in sun shigo gaisuwa, ƙafarsa suke duba.

"Kai, ƙafa ta yi kyau, tubarkalla," in ji su, su fita da sauri.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne Kalebu. Sila yaro ne mai tsare gida, ba ya dariya don kowa, sai in ya ga Madam. Da ta gifta zai wage baki har kunne, yana buga ƙasa da hannu. Ga shi kuma Madam ba ta rabuwa da maigidanta. Ko'ina Kalebu ya zauna, kaza na gefensa, dariya na gabansa.

Sai ya tuna da wani littafi da Markus ya aiko masa tun da damina, tare da saƙon cewa Baba ya daure ya karanta, irin nasa ne. Littafin halittun teku ne. Karatun Kalebu na tsintuwa ne, harafi bayan harafi kamar mai tsince tsakuwa cikin wake, don haka ya soke littafin a jinka ya manta. Yanzu ya zaro shi ya kaɗe ƙura. Da Sila ya fara dariya sai ya ɗaga littafin ya rufe fuska.

"Malam, yaushe ka zama mushen lakwal, malamin boko?" in ji Febi.

"Ilimi ba ya tsufa."

"To ga angona yana yi maka gaisuwa, ka ko dube shi."

"Ki gaishe shi. Ina tsakiyar teku. Kin san akwai kifin da ya fi kamiyon Ɗan Baba girma, yana fesa ruwa ta tsakar kai?"

"In an kamo shi ka kira ni. Kazarka dai ta sake shiga mini gari."

Ɗan Baba taubashin Kalebu ne, ɗan kawunsa. Shi masallaci yake zuwa, Kalebu coci, amma ba a taɓa raba su akushi ba, ba a kuma taɓa jin ɗayansu ya faɗi alherin ɗaya a gabansa ba. Yana da kamiyo, babbar motar da yake ɗaukar gyaɗa zuwa Kano da ita, shi ne kuma ke kai labarin gida wurin Markus ya kawo nasa. Gidansa ciwon kajin nan bai taɓa ba, tsakar gida cike da su. Da Kalebu ya ji ƙarar kamiyon ya shigo gari, sai dabara ta faɗo masa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ajiye Sila yana fuskantar ƙofa, ya watsa wa Madam gero a gabansa. Baƙon da ya kwana biyu ba ya gari, da ya shigo zai yi kiciɓis da baki buɗe, kafin ya yi tunani ya ce, "Kai, haƙori!" Shi ke nan, kaza ta fito daga gidan masu kaji.

Ɗan Baba ya yi sallama ya shigo da baya-baya, sanye da baƙin tabarau, yana laluben bango.

"Mi ya same ka, bawana?" in ji Kalebu.

"Ciwon ido, tsohon banza. Likita ya ce kada in dubi yaro ƙarami sai bayan an ci kaza."

Daga cikin gida aka ji dariyar Febi. Ashe tun a tasha ta aika aka tare shi da labari.

Ɗan Baba ya zauna yana kallon rufin zaure, ya shiga zazzage saƙo. Markus lafiya lau, ya sayi keke, ya faɗi da shi sau ɗaya gaban ƴan kasuwa. Yana tambaya ko Baba ya karanta littafin, in ya gama akwai wani na taurari da ya fi shi daɗi. Sannan muryarsa ta ɗan sauka.

"Amma hankalinsa ba kwance yake ba. Abokin aikinsa na da ɗiya, wata ɗaya aka haife su da wanga yaro, har ta fara cizon mutane. Shi kuwa kullum in na je, in ce masa ba labari. Ya ce ko dai yaron ba shi da lafiya ne kuke ɓoye masa. Ya rantse in na koma wannan karo ba labarin haƙori, zai aje aikin ya biyo ni gida."

Abigail tana daka a bayan zana. Taɓaryar ta tsaya, ta jima ba ta sauka ba.

Kalebu ya ji abin a ransa, amma da ya dubi Madam tana tsince gero, gashinta a tsaye kamar wadda aka ba labarin tsoro, sai ya ce a zuciyarsa ai Febi ma tana da ido, tana kuma da kaji.

Febi kuwa ta san mijinta kamar yadda ta san tukunyarta. Washegari da hantsi ta tsaya jikin zana tana hira da maƙwabciyarta Ramatu, da irin raɗar nan da ake ji har bakin tafki.

"Ni dai ban duba ba, Ramatu, ungozoma ce ta faɗa mini tun ranar haihuwa. Wai a kan harshensa akwai wani baƙin tabo, siffar kifi sak, har da wutsiya."

"Kifi? A harshe?"

"Ki rufa mini asiri. Kada Malam ya ji."

Malam yana gindin bedi da littafi a fuska, kunnuwansa kuwa sun miƙe. Ya yi ƙoƙarin komawa teku, haruffan suka ƙi tsayawa. Yaron da aka haifa a bakin tafki, da kifi a harshe! Shi da ya taka har Safo don kawai ya ga ɗan akuya mai farin ido ɗaya, a ce ga irin wannan cikin gidansa bai gani ba?

Da rana ta yi sanyi ya saɓa Sila a kafaɗa, wai za su sha iska. Madam ta bi su. Ya wuce masu wanki, ya wuce inda masunta ke shanya taru, sai da ya kai wata kuka da ba kowa. Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Ya zaunar da yaron a cinya, ya kira kazar. Sila ya wage baki.

Babu kifi. Harshe ne ja, lafiyayye, irin na kowa. Amma a dasashin ƙasa ga wasu ƴan abubuwa farare guda biyu, jere da juna, kamar ƙwayar shinkafa da ƙanwarta. Kalebu ya manta da abin da ya kawo shi. Ya daɗe yana kallo. Duk tarkacen da ya tara a ɗakinsa babu wanda ya tsiro da kansa cikin duhu ba tare da an shuka ba. Ya sa yatsa ya taɓa, Sila ya datse shi da gaske, tsoho ya yi dariya har da hawaye.

A hanyar komawa ya ja wa Madam kunne: "Ba mu ga komi ba, kin ji ko?"

Da safe aka taru a ƙofar gida don sallamar Ɗan Baba, kamiyo na ta huci. Ramatu ta fito, da wasu maƙwabta.

"To, mi zan faɗa wa Markus?" in ji Ɗan Baba.

Febi ta yi ajiyar zuciya. "Ka ce masa ya yi haƙuri. Yaron nan jinkiri gare shi, irin na dangin kakansa, ka san su ba su da ƙwari. Wataƙila ɗan guda ɗaya ya leƙo kafin damina."

"Wane irin guda ɗaya?" Kalebu ya zabura. "Biyu ne! Ga su nan reras a ƙasa, farare tas, sun fi na ɗiyar Kano..."

Ya tsaya. Kowa ya juyo ya dube shi. Ɗan Baba ya zare tabarau a hankali ya sa a aljihu.

"Alhamdu lillahi, ido ya warke," ya ce. "A kashe mota. Ina wuƙa?"

Ramatu ta rangaɗa guɗa. Nan da nan Febi ta ɗora ruwa a wuta, maƙwabta suka cika gidan, kowa yana rige-rigen leƙa bakin Sila, yanzu da kallo ya zama kyauta. Dama in za a yi yanka a gidan, Ɗan Baba ake ba wuƙa don kowa ya samu ci. Kalebu da kansa ya kamo Madam, don ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Ya kai ta gaban jikansa kamar yadda ake yi, ya ce, "Ga taka, abokina. Na gani, na biya." Sannan ya miƙa ta ga Ɗan Baba, ya ɗauki yaron ya rungume, ya juya fuska.

Ɗan Baba ya take fukafukan, Madam ta ƙwala ƙara. A daidai nan Sila ya tsandara wani ihu da ba a taɓa jin irinsa a gidan ba. Ya sandare, ya miƙa hannu biyu wajen kazar, sababbin haƙoransa a waje. Febi ta karɓe shi ta jijjiga, ya ƙi. Aka kai shi ga nono, ya ƙi. Ɗan Baba ya ɗaga ƙafa, kazar ta zille, yaron ya yi shiru yana ajiyar zuciya. Ya sake kamo ta, ihu ya dawo sabo.

Sai Abigail, wadda ba a taɓa jin ta sa baki a zancen ɗanta ba, ta durƙusa gaban surukarta, idonta a ƙasa.

"Inna, Baba ya riga ya bayar. Kaza ta mutumin nan ce yanzu. Ga alama kuma ba ya son a taɓa masa dukiya."

"Gaskiya ne," in ji Ɗan Baba. "Ni ba na yanka dabba mai ita yana kuka. Amma fa na kashe mota, ruwa ya tafasa, ga jama'a sun zauna. Febi, angonki ya tara baƙi, ke ce uwargida."

Febi ta dubi tukunya, ta dubi maƙwabta, ta dubi mijinta wanda ya riga ya ɓuya bayan littafi, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ta tafi akurkinta. Kazarta mafi ƙiba aka ci a ranar, Sila ya samu ƙashin cinyarsa ya yi ta fama da shi.

Ɗan Baba ya tashi kamiyo bayan azahar, da labarin haƙora biyu, da saƙon Kalebu cewa a aiko na taurarin. Madam ta koma cikin tokar murhu ta kwanta, yanzu kuma ba dama a kore ta, don kazar ango ce.

Ramatu ta daɗe tana cewa ita dai kamar ta ga yatsun Kalebu a cinyar yaron gab da ihun farko. Febi ta bi mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, har Abigail da ke tsaye kusa da shi. Duk suka ce ba su ga komi ba.