Jana'izar Irmiya a Gidan Jinjiri

Daudu na tsaye a kan dutsen bayan gari, ya ɗaga waya sama yana juyi da ita har ta shiga. Fasto ya ɗauka daga Katsina, inda ya koma da iyalinsa tun bara. Daudu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya shaida masa an harbe Irmiya da safe a hanyar Babban Duhu, gawa tana gida, kuma yaron ya mutu yana cikin horon ikilisiya. Ya ce to, yaya za a yi?

Fasto ya ce Ubangiji ya ba da haƙuri. Ya ce maganar tana da nauyi, akwai ta nan, akwai ta can. Yana cikin bayanin ta can ɗin waya ta katse. Daudu ya sake kira, ba ta shiga ba. Ya jefa ta aljihu ya gangara.

Irmiya ɗan marigayi ƙanen Daudu ne. Daudu kuwa shi ne dattijon ikilisiyar Gidan Jinjiri, 'yar unguwar Kiristoci da ke bayan Karare, kuma shi da bakinsa ya sa yaron a horo. Tun yana saurayi ya tsaya a kan cewa mai bi ba ya ɗaukar makami, ba ya shiga siyasa. Bai taɓa yin katin zaɓe ba. Da ɓarayin daji suka kora masa shanun huɗa, cewa ya yi wanda ya bayar shi ya karɓa. Shi kuwa Irmiya ya nemi soja bai samu ba, sai ya shiga 'yan sintirin da gwamnati ta ba kaki da bindiga. Ranar da ya zo da kakin Daudu ya mai da shi bencin baya. Yaron bai yi musu ba. Duk Lahadin da ba ya aiki sai ya bar bindigar a ɗakin uwarsa, ya zo ya zauna can baya shi kaɗai, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, ga shi ba muryar gare shi ba.

Ƙa'idar ikilisiya a fili take. Wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da gawarsa majami'a, ba a yi masa waƙa. Gajeriyar addu'a ce a bakin kabari, kowa ya watse.

A ƙofar gidan Lami, uwar yaron, babura ne jere. Armaya'u, shugaban 'yan sintirin, ya taso ya durƙusa ya yi wa Daudu gaisuwa. Ya ce sun raka masu cirar gyaɗa ne aka fito masu daga cikin dawa. Irmiya ne a baya, ya tsaya sai da mata suka haye rafi. Cikin matan ba wadda ta ji ciwo.

"Baba, mu ba mu san yadda kuke yi ba," in ji shi. "Ku faɗi abin da za a yi, mu yi."

Ashe ma sun riga sun yi. Tun kafin Daudu ya sauko daga dutse sun shiga maƙabartar Kiristocin sun haƙa kabari, siriri, daidai yadda suke yi wa nasu. Malam Filibus, malamin firamare, ya leƙa ramin ya ce aiki ya yi kyau, sai dai akwati ba zai shiga ba. Samarin suka kalli juna, suka sake ɗaukar diga.

Filibus ɗin nan shi ne wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe duk lokacin da aka yi, kuma shekara da shekaru suna ja da Daudu a kan wannan magana, kowa da ayarsa, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Ya matso ya gyara murya zai fara.

"Ba yau ba, Malam," in ji Daudu.

Sai maganar akwati. Kafintan unguwar ya yi ƙaura, katako kuma sai Batsari, ga hanyar ba a bin ta in rana ta karkata. Aka ɗauko Mani kafinta daga Karare a kan babur. Filibus ya ce ai majami'a yanzu benci ya fi mutane yawa. Daudu ya buɗe ƙofa ya nuna wa Mani na baya. Mani ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ƙwanƙwasa na baya, ya danna da farce, ya ce gara ta gama da shi. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har ya kai na gaba, na maɗaci, wanda dattawa ke zama a kai.

"Wannan ne kaɗai zai riƙe ƙusa."

Daudu ya dubi bencin. Gefen dama ya yi sulɓi saboda zamansa. Ya ce a ɗauka.

Ana cikin aikin Lami ta fito. Ba ta kuka, ta gama wannan tun da hantsi. Ta tsaya a gaban Daudu da zane ɗaure a ƙugu.

"Yaya, za a shiga da shi ko ba za a shiga ba?"

"Ƙa'ida ce, Lami. Ba ni na kafa ta ba."

"Na sani. Tambaya na yi."

Ya ce ba za a shiga ba. Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Daudu ya bi ta da kallo. Shi ya goyi yaron nan a kafaɗa zuwa gona bayan mutuwar ubansa, shi ya koya masa karatu. Ya nemi inda ya yi kuskure a ƙa'idar, bai gani ba, kuma rashin ganin bai rage masa komai ba.

Bayan la'asar aka ɗauko akwatin, biyu Kirista, huɗu Musulmi, don mazan unguwar ba su kai ba. Daudu ya tsaya a bakin kabari ya yi addu'a, gajeriya kamar yadda aka tsara. Da ya ce amin ba wanda ya motsa. Sai Lami ta ɗauko waƙa, ita kaɗai. A baiti na biyu mata suka kama, Filibus ya shigo da tasa. Mutane suna satar kallon Daudu. Bai buɗe baki ba, bai kuma ɗaga hannu ya tsayar ba. Ya tsaya da hula a hannu har aka kai ƙarshe. 'Yan sintirin, da suke gefe, da suka ga an yi shiru sai suka shafa.

Armaya'u ya matso ya tambaya ko za a yarda su yi harbi sama, kamar yadda ake yi wa ma'aikaci. Daudu ya ce a'a. Armaya'u ya ce madalla, dama harsashin ba yawa.

Da aka mai da ƙasa, Armaya'u ya sanar cewa gobe za su raka masu girbi gonakin bayan rafi, mai so ya zo filin firamare. Daudu yana da gero a can, ya nuna har ya fara zuba. Duk daminar nan bai bi rakiyar ba ko sau ɗaya, ya ce ba zai yi noma a inuwar bindiga ba. Rumbunsa kuwa ana ganin ƙasansa, ga jikoki, ga yanzu Lami ta dawo wuyansa.

Ya bari mutane suka ragu. Armaya'u na ƙoƙarin tayar da babur ya je ya tsaya kusa da shi.

"Yaushe za ku fita?"

"Da mun idar da asuba, Baba."

"Ni fa ba na riƙe bindiga."

"Bindiga muna da ita. Magirbi za ka zo da shi."

Daudu ya sa hularsa. Ya tambaya ko ta wajen rafin nan za a bi, inda abin ya faru. Armaya'u ya ce ai ba wata hanyar. Daudu ya ce to, a ajiye masa wuri a bayan babur.