Turmin Na'ima

A garin da gyaɗa ke cikin komai Allah ya ba ni 'yar da jininta bai haɗu da gyaɗa ba. Yaji da ita, kilishi da ita, kwaɗon zogale da ita, ƙosai kuwa daga cikin manta ake tsamo shi. In Na'ima ta lasa, sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Shekararta shida, ni kuma shekara shida ina gadin bakinta. Na gaji, ba na ɓoyewa.

Da bazara abin ya fi wuya. In zafin Illela ya sauko, tuwo ba ya wuce mata, sai fura. Shi ya sa babanta ya sayo mata ƙaramin turmi da taɓarya, na ɗaura wa ƙugun turmin jan ƙyalle. Ban da gero ba abin da ke shiga cikinsa. Duk wadda ta zo aro, in ce ana aiki da shi. Kafin a je ko'ina unguwa ta raɗa mini suna mai turmin zinariya.

Surukata, Inna Kaltume, ita abin ya fi ci wa rai. Tsohuwa ce da ba ta iya cewa babu ba. In ka roƙi zanen jikinta, iyaka ta ce juya baya in kwance maka.

"Turmi dai icce na," in ji ta. "Mu da munka tashi cikin gujiya har wuya, wa ta kashe?" Gyaɗa take nufi.

Ran da na tafi Amarawa gaisuwar mutuwa, na dama wa yarinyar fura na rufe. Ban yi lissafi da zafi ba, wanda ya tsamama ta tun kafin azahar. Na dawo da la'asar, ƙafafu sun yi nauyi, na tarar da turmin a kife a rana, an goge shi fes, jan ƙyallen na rataye a igiya. Na durƙusa na shinshina. Sabulu ne a sama, ƙarƙashinsa ƙuli-ƙuli.

"Inna, mi anka daka cikin turmin ga?"

"Yajin jego na, na ɗiyar Asta maƙwabciyarmu. Nasu ya tsage. Mai jego aka hana ma turmi? Na wanke shi da toka da sabulu kahin in daka ma yarinya sabuwar hura."

Itace yana shan mai. Na sha faɗa mata har bakina ya gaji.

Na'ima na zaune a rumfa, ƙwarya a gabanta, tana sosa wuya. Daga baya na ji cewa da farko ta ƙi sha, duk da ƙishirwa, har Inna ta ce mata, "Hannuna kika ƙyama?" Kunyar kakarta ta sa ta kurɓi ludayi ɗaya.

Ko mayafi ban gyara ba na saɓa ta. Babanta na can bakin iyaka wajen lodin kaya, don haka ɗan kabu-kabu mai babur na tsayar. Inna ta hau wani ta biyo mu. A hanya ina jin ƙirjin yarinyar yana kuka a jikin nawa, iska kuma kamar daga bakin murhu take fitowa. A asibiti aka yi mata allura, aka kwantar da ita, Inna na tsaye bakin gado tana kallon leɓen jikarta da ya ninka girmansa. Allah ya sa da sauran shan ruwa.

Ban yi wa Inna faɗa ba. Ko faɗan ma sai da ƙarfi ake yinsa.

Da muka koma gida, Inna ta ɗauki turmin a ka ta kai wa Asta kyauta. Ranar kasuwa ta sayo sabo, ta ɗaura masa jan ƙyallen da hannunta, ta ajiye shi a ɗakinta, bayan ƙofa.

Ba a yi nisa ba Jamilatu, 'yar aminiyarta, ta yi sallama. Biki ya taso musu, daka ta yi yawa. Na yunƙura zan fita in yi ƙaryar da na saba, Inna ta riga ni.

"Ba mu da turmi," ta ce.

Ƙofar ɗakin a buɗe take, jan ƙyallen na leƙowa. Jamilatu ta dube shi, ta dubi Inna, ta sa takalmanta ta fita ba sai an jima.

Inna ta zauna a tabarma, ta daɗe tana murza yatsunta.

"Lubabatu," ta ce, ba ta ɗago ba, "haka kika ji kullum?"

"Haka, Inna."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa. Ta jawo turmin tsakanin ƙafafunta.

"Miƙo geron."