Mayaƙa Cikin Bante

A shekarun da kowane ƙauye na ƙasar Haɗejiya yake kwana da kwari da baka kusa da kai, mutanen Tudun Kanya da na Bunuri suka ɓata a kan wani tafki mai tarwaɗa. Kogi ne ya raba su, kuma mai fito ɗaya ne a mashigin, wato Haladu, wani tsoho mai gardama wanda 'yarsa Barira take aure a Bunuri.

Ranar sunan ɗanta na fari, da hantsi, Haladu yana shirin hayewa sai ga Haruna ɗan mai garin Tudun Kanya da samarinsa, kowa da mashi, layu har wuya.

"Baba Haladu, ƙetarar da mu," in ji Haruna. "Yau mazan Bunuri suna wuri ɗaya, ba mai ko sanda a hannu."

"A gidan surukina Fannami ke nan."

"Shi ya fara yanka mana komar kamun kifi. Da shi zan fara."

Haladu ya san in ya ƙi, za su gangara wani mashigin su haye. Sai ya ce to, su tuɓe.

Haka ake fito a nan in kogi ya cika: mutum ya tuɓe sai bante, ya rungumi ƙaton gora, mai fito ya tura shi yana iyo, kaya da makamai kuma su biyo baya a cikin masaki. Jaruman nan kuwa ruwan da suka sani shi ne na tafki, iya gwiwa. Haladu ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, kowa ido a rufe yana salati, har da wanda ya yi alkawarin kawo kawuna. Da ya koma ɗauko masakan, sai ya cusa su can cikin ciyawar kacala, ya dawo hannu wofi.

"Ina kayanmu?" in ji Haruna, haƙora na kaɗawa.

"Ƙarfe ya yi nauyi. Sai ruwa ya sauka."

"Yaushe?"

"Bayan girbi, in Allah ya so."

Kafin Haruna ya shaƙe shi, sai ga matan Bunuri da tuluna, Gumsu uwar Fannami a gaba. Ta dubi ƙartin maza sun dunƙule a bayan juna kamar kajin da ruwa ya doka, ta dubi layun. Ba yarinya ba ce, ta gane. Amma a garinsu duk wanda fito ya sauke ranar suna baƙo ne, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya ci.

"Wushe, wushe, lale da baƙin suna," in ji ta. "Haba 'ya'yana, haka ake zuwa gidan mutane? Ku kawo musu riguna."

Rigar da ta dace da Haruna ta Fannami ce. Aka zaunar da su a inuwa, aka kawo shinkafa da miyar tarwaɗa, ta tafkin da ake rigima a kai. Kunya ta hana su ƙi, yunwa ta hana su yanga. Wanda ya sa hannu a akushin mutum kuwa ba shi da bakin ɗaga masa mashi, don haka da liman ya kawo maganar a riƙa kamun kifi a tafkin rana ɗaya a raba kamu, ba wanda ya musa, sai dai aka yi ta ja-in-ja a kan ranar.

Wanzami ya gama wa jariri aski, aka miƙo wa kakansa. Haladu ya zagaya ya ɗora shi a cinyar Haruna.

"Riƙe shi da kyau," ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai shi. "Ga marayan da ka zo yi."

Kan yaron ya langaɓe gefe, sai Haruna ya yi maza ya tallafe masa wuya da tafin hannu.